Makullin Goggo

Litinin, 4 ga Afrilu, 1977, bayan la'asar

Yau aka karɓe makullai.

Littafin nan na mota ne, a ciki nake rubuta garuruwan da motata Goggo ta je. Sabon manaja, Malam Abdulƙarim, ya ce daga yau ofis ne zai riƙa rubutawa, in tafi da tsohon in ina so. Da sauran shafuka da yawa fari fat. Bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci a Ketare bai taɓa wuce rubuta sunan gari da ranar tafiya ba, amma zan gwada.

Mu goma sha ɗaya ne direbobin Alhaji Barau a nan Ƙanƙara, kuma tun da ya kafa kamfanin kowa da motarsa. Yanzu kuɗi sun shigo ƙasa. Ga takin zamani ana rabawa ƙauye ƙauye, ga siminti, ga kwano, aiki ya fi ƙarfin motoci. Shi ne Alhaji ya ɗauko ɗan ƙanwarsa da ya yi karatu a Zariya ya ba shi ofis.

Ya tara mu ƙarƙashin bishiyar bedin da ke gareji. Ya yi magana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, “Mota ba ta gajiya, direba ke gajiya. In ɗayanku ya kwanta zazzaɓi, mota ta kwanta. In ya tafi suna, mota ta tafi suna. Za a ƙaro direbobi biyar. Makullai za su zauna a allon can. Wanda ke kan aiki ya ɗauki wanda aka nuna masa.”

Gide, wanda bakinsa bai san jira ba, ya ce, “Ranka shi daɗe, mota ai takalmi ce, ƙafar mai ita ta sani.”

Manaja ya ce, “Gaskiya ne, Malam Gide. Sai dai takalmin na Alhaji ne.”

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Ni na fi kowa daɗewa, don haka ni aka fara miƙa wa hannu. Na ciro makullin daga aljihu, ya rataye shi a ƙusa ta uku.

Talata, 5 ga Afrilu, da hantsi

Na kwashe kayana daga cikin Goggo. Buzun salla, buta, matashin da matata Zulaihatu ta ɗinka mini saboda ciwon baya, tocila, sufanu biyu, da wani gwangwani da ke ƙarƙashin kujera. Duk nawa ne. Ba wanda zai ce Maharazu ya ɗauki abin kamfani.

Sun shafa mata lamba 3 da farin fenti a ƙofa. Tsohuwar Marsandi ce, ita ce babba a gareji, shi ya sa direbobi suka sa mata Goggo. Shekara tara muna tare. A bayanta na kai gawar babana Ketare. In na taso daga Sheme, tun ban shigo gari ba yara a gida sun san kukanta.

Alhamis, 7 ga Afrilu, bayan azahar

An ba ni Lamba 8 zuwa Faskari. Sabuwa ce dal, sitiyarinta kamar ana juya faifai. In faɗi gaskiya, bayana bai yi ciwo ba yau. Amma na tarar da kujera an ja ta baya, madubi na kallon sama, guntayen sigari a ƙasa, ɓawon rake a bayan kujera. Kwana uku kacal.

Goggo ta je Malumfashi da wani sabon direba, ba kaya, ta dawo lafiya. Na fara ƙirga kwanaki a raina, sai na bari.

Asabar, 9 ga Afrilu, kafin magariba

Mun yi musu da Ɗanhausa wurin mai shayi. Abokina ne tun muna samari, ubangida ɗaya ya koya mana tuƙi. Bamaguje ne na wajen 'Yargoje, kuma ban taɓa ganin mutum mai saurin dariya kamarsa ba. Ashe shi tsarin nan ya yi masa daɗi.

Ya ce, “Kai da ka samu ta kirki kake kuka. Ni fa? Shekara huɗu ina fama da waccan jakar, kullum ina kwance ƙarƙashinta a daji, ku kuna wucewa kuna ɗaga mani hannu. Wa ya ce ita ce rabona har in mutu? Yanzu kowa shi ɗanɗana.”

Na ce wanda bai san halin mota ba bai kamata ya hau ta ba.

Ya ce, “To sai ka faɗa mana halinta, mi ke da wuya? Maharazu, Goggo fa ba matarka ba ce.”

Mutane suka kwashe da dariya. Na ajiye kofina na tashi. Yana ta kirana, ban waiwaya ba.

Litinin, 11 ga Afrilu, da safe

Ɗanhausa aka nuna wa ƙusa ta uku. Taki, cike da mota, zuwa Sabuwa. Ina tsaye a wurin. Mun gaisa.

Litinin, bayan magariba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata, 12 ga Afrilu, bayan la'asar

Ga abin da leburori biyu da ke bayan motar suka faɗa. A gangaren rafin nan da ke gab da Sabuwa, motar ta ƙi tsayawa. Suka ji Ɗanhausa na ihu su dira, suka dira, ɗaya ya goge a kafaɗa, shi ke nan. A bakin rafin akwai mata suna wanki da yara a ruwa. Da ya miƙe, kansu zai bi. Sai ya karya sitiyari ya sa ta a gefen tudu, ta kife ta gefen da yake zaune. Sai da mutanen gari suka kwashe buhuna suka sa itace kafin a zaro shi.

Yana asibiti a Funtuwa. Ba wanda ya mutu. Kowa na cewa an gode Allah, ni ma ina cewa.

Laraba, 13 ga Afrilu, da azahar

An yanke ƙafar dama, ƙasa da gwiwa.

Juma'a, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

Na je duba shi. Matarsa Baraka na zaune a ƙasa tana yi masa fifita. Ta tashi ta karɓi furar da Zulaihatu ta dama, tana ta godiya, tana cewa ta san ko kowa bai zo ba ni zan zo. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan bargon, inda ya kwanta shafe a wurin da bai kamata ba.

Ya buɗe ido. Zazzaɓi ya ci fuskarsa. Ya ce, “Maharazu, birkin ya tahi ƙasa. Na taka, kamar na taka auduga. Aradu ban yi gudu ba.”

Na ce Allah ya kiyaye gaba.

Ya ce, “Ka yi haƙuri, na kashe maka Goggo.”

Na fito waje na daɗe a jingine da bango.

Lahadi, 17 ga Afrilu, da hantsi

Zulaihatu na shara ta jawo gwangwanin daga ƙarƙashin gado. Ta ce na mene ne wannan, ko ta ba yara su zuba kalanzir. Na daka mata tsawa har maƙwabta suka ji. Shekara ashirin da biyu ban taɓa yi mata haka a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta mayar da shi inda yake. Tuwon rana ma da ta ajiye, haka ta ɗauke shi.

Talata, 19 ga Afrilu, bayan azahar

An jawo Goggo. Kanta ya lotse, ƙofar da aka shafa wa lamba ta tafi. Harisu bakanike ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana goge hannu. Ya ce bututun birki duk sun farfashe a faɗuwar, ba mai iya sanin ko da lafiyarsu kafin nan.

Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Ban kai bakin ƙofar gareji ba na ji kunyar sanyin.

Alhamis, 21 ga Afrilu, kafin magariba

Tsofaffin direbobi sun taru a zauren Gide. Alhaji na Legas wajen fito da sababbin motoci, in ya dawo suna so a same shi baki ɗaya a ce a mayar wa kowa motarsa.

Kowa ya zo da nasa. Lamba 8 da ba ta yi wata biyu ba ta tafasa a hanyar Ɗandume, don wanda ya ajiye ya ɗauka wanda zai ɗauka zai duba ruwa, wanda ya ɗauka ya ɗauka an duba. Jak biyu na ɗaga mota sun ɓace, ba wanda za a tambaya. Ba mai wanke mota. Wa zai wanke abin da gobe wani zai shiga da taɓo? Duk gaskiya suka faɗa, ba ƙari.

Gide ya ce, “Da Maharazu ke cikin motar nan, da ta kife? Shekara tara yana sauka gangaren nan ko akuya bai taɓa takawa ba. Kai za ka yi mana magana. Kai ne babba, kuma motarka ce.”

Na ce zan duba. Shi ma gaskiya ya faɗa. Da ni ne, da ba ta kife ba.

Asabar, 23 ga Afrilu, bayan la'asar

Wata magana ta ɓullo a tasha, wai Ɗanhausa ya sha ne ranar nan. Ba wanda ya gani, ba wanda ya ji wari, an dai ce ai ka san mutanen nan da burkutu. Har ta kai gidan Alhaji, kuma an ce in ta tabbata kamfani zai cire hannu daga jinyarsa.

Shekara goma sha biyu rabon Ɗanhausa da giya. Ina wurin ranar da ya bari, bayan da ƙanensa ya faɗa rijiya a buge. Ko a bikinsu ruwa yake sha suna yi masa tsiya.

A tashar na ce ni dai ban taɓa ganin ya sha ba. Iyakar abin da na ce ke nan. Mutum ashirin na jina, iyakar abin da na ce ke nan.

Litinin, 25 ga Afrilu, bayan la'asar

Manaja ya zo gidana da ƙafa, ba mota. Ya ƙi kujera, ya zauna kan tabarma. Ya rame. Sai yau na lura bai fi shekara ashirin da bakwai ba.

Ya ce, “Baba Maharazu, tun ranar nan ba na iya cin abinci. A makaranta an koya mana mota mota ce, in dai takardunta sun cika. Ban sa an duba ko ɗaya ba kafin in rataye makullan. Na yi sauri, ina so Kawu ya ga aiki. Ni na yanke wa mutumin nan ƙafa ko?”

Na ce ƙaddara ce.

Ya ce, “Kai ka fi kowa sanin motar. Akwai wani abu game da ita da ban sani ba?”

Na ce tsohuwa ce kawai.

Sai ya ce in Alhaji ya dawo zai ajiye aikin ya koma Zariya. Ya yi mini godiya. Kowa sai ya yi mini godiya.

Laraba, 27 ga Afrilu, Faskari, ina jiran a sauke kaya

Tun daga Sheme nake tunanin gandu da gayauna. Muna yara a Ketare, gandu na kowa ne, Baba na gaba muna biye. Gayauna kuwa ɗan yankin da aka yanka maka ne kai kaɗai, ka shiga da yamma. Kowa ya san gayauna ta fi shan taki. Kashin awakin da muke ɓoyewa a kwando can yake tafiya. A gandu kuwa sai ka ga mutum na jan fartanya kamar an sa shi dole.

Amma akwai shekarar da ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ya shiga gayaunar yayana. Ya gani tun yana ɗan kaɗan, ya yi shiru don kada a ce bai iya noma ba, yana tsugewa a ɓoye. Sai da ya tsallaka ya ci rabin dawar gandu. Da a gandu ne, da ba a kwana uku ba wani ya gani ya yi magana.

Abin da yake naka kana tattalinsa. Kana kuma rufa masa asiri. Ban taɓa lura hannu ɗaya ke yin biyun ba.

Juma'a, 29 ga Afrilu, bayan an sauko daga masallaci

Bari in rubuta shi sak, ko sau ɗaya.

Shekara biyu ke nan birkin Goggo na yoyon mai. Kaɗan kaɗan, ba ya ɗiga a ƙasa yadda ido zai gani. Gwangwanin nan man birki ne. Kullum da asuba, kafin kowa ya iso gareji, nakan duba in ƙara. In an cika, yakan kai mako guda, wani lokaci da 'yan kwanaki. In ya yi ƙasa kuma ga kaya, takun farko ba ya kamawa, sai ka saki ka sake takawa da sauri. Shi ya sa ban taɓa shiga gangare ba sai da babbar giya. Ƙafata ta saba har na daina ɗaukarsa aibi.

Ban faɗa wa Harisu ba. Alhaji ya taɓa cewa duk tsohuwar motar da ta kwana bakwai a gareji sayar da ita zai yi, tunda sababbi na zuwa, kuma kayan gyara na maƙale a jiragen ruwa a Legas. Na san in ta shiga ba za ta fito tawa ba.

Ranar da aka karɓi makulli na cika mata man. Washegari na ɗauke gwangwanin. Na ce a raina tunda mota mota ce, su gani.

Ranar Litinin ɗin da abin ya faru na rubuta cewa mun gaisa. Ba gaisuwa kaɗai ba ce. Ɗanhausa ya zo da makullin a hannu yana murmushi, yana neman shiri bayan musun shayi. Ya ce, “Yau ni da Goggo. Akwai abin da ya kamata in sani?”

Na ce, “Ai ba matata ba ce. Je ka gani.”

Ya yi dariya ya hau. Na tsaya ina kallo har ya fita ƙofa. Na ce wa kaina man zai kai Laraba. Allah ya sani ban nufe shi da sharri ba. Allah ya kuma sani ban tabbata zai kai ba.

Asabar, 30 ga Afrilu, da hantsi

Na faɗa wa Zulaihatu. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba har na gama.

Ta ce, “Tun ranar gwangwanin na san akwai abu. Malam, 'ya'yan Baraka biyar. Ana nuna su a kasuwa ana cewa ubansu mashayi ne.”

Na ce in na faɗa aikin ya tafi, kuma direbobi ba za su sake kallona ba.

Ta ce, “Gonar Ketare ba ta tafi ko'ina ba. Ni dai na gaji da kwana da mutumin da ba ya nan.”

Talata, 3 ga Mayu, bayan la'asar

An yi zaman yau da safe a ƙarƙashin bedi. Alhaji a kujera, manaja a tsaye gefensa, mu a kan benci. Gide ya ce Maharazu ne bakinmu.

Na fara da abin da suka aiko ni. Na faɗi tafasar Lamba 8, da jak, da dattin motoci. Na ce motar da ba ta da mai ita marainiya ce. Ina jin su a bayana suna cewa haka ne, haka ne.

Sannan na ciro gwangwanin daga buhu na ajiye a gaban Alhaji. Na faɗi duka, har da abin da Ɗanhausa ya tambaye ni da amsar da na ba shi. Na ce bai sha komai ba, bai yi gudu ba. Na ce manaja ya zo har gida ya tambaye ni na yi masa ƙarya.

Alhaji ya daɗe yana kallon gwangwanin.

Ya ce, “Shekara nawa ka ce?”

Na ce biyu, Alhaji.

“Da simintina, da mutanen da kake ɗauka a baya, shekara biyu?”

Na ce e.

Gide ya miƙe ya ce, “Mun aike ka ka karɓo mana motocinmu, ka je ka sayar da mu!”

Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya ce, “Zauna. Tunda an fara, a gama. Cikinku wa kuma ke da gwangwani?”

Kowa ya sunkuyar da kai. Can sai Mani, wanda ke bi mini a daɗewa, ya ce tsohuwar motarsa sitiyarinta na da wasa, in ta wuce wani gudu tana ja hagu, ya saba da ita ne. Wani ya ce tasa giya ta uku na fita da kanta a gangare. Gide kuwa bai sake ɗaga kai ba.

Alhaji ya ce jinyar Ɗanhausa na wuyansa har ya warke, kuma duk wanda ya sake maganar giya ya bar masa gareji. Ni kuma ya ce, “Maharazu, da wani ya tona ka, da 'yan sanda zan kira. Tunda kai ka kawo kanka, je ka gida. Kada in ga hannunka a sitiyarina. Ban sa rana ba.”

Manaja ya raka ni har ƙofa.

Asabar, 7 ga Mayu, da azahar

Harisu ya biyo ta gida. Ya ce kwana uku motoci ba su fita ba, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Cikin tsofaffin, biyar ya samu da ciwon da masu su suka sani suka yi shiru. Ta Gide har da tsagewa a ƙarfen gaba, an ɗaure da waya an shafe da baƙin mai.

Allo na nan, amma an sauya. An ƙaro direbobi, yanzu kowace mota direba biyu ne tsayayyu, suna karɓeɓeniya, kuma makulli ba ya wucewa daga hannu zuwa hannu sai a gaban Harisu, mai ajiyewa ya faɗi abin da ya ji a jikinta da bakinsa. Manaja na ganin an rage masa tsari, direbobi na ganin an haɗa su da kishiya. Harisu ya ce shi dai ya ga an fara wanke mota.

Malam Abdulƙarim bai tafi Zariya ba. Gide ya wuce ni a kasuwa kamar bai san ni ba.

Asabar, 14 ga Mayu, kafin magariba

An sallamo Ɗanhausa shekaranjiya. Yau na hau keke na tafi 'Yargoje.

Labari ya riga ni. Baraka ta gan ni a ƙofa, ta koma ciki, ba ta kawo ruwa ba. Yana zaune a inuwar rumbu, sanduna biyu a jingine kusa da shi. Na durƙusa na faɗa masa da bakina, ko da yake ya riga ya ji. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, “Taka sau biyu. Kalma uku, Maharazu. Na tambaye ka.”

Na ce ka tambaye ni.

“A asibiti har haƙuri na ba ka.”

Na ce ka ba ni.

Ya juya yana kallon kajin da ke tono. Ban taɓa zama da shi tsawon haka ba tare da ya yi dariya ba. Ya ce, “Matan nan na rahi nake gani in na ruhe ido. Da na sake sitiyarin nan fa? Ba ƙafata kaɗai ka sa a caca ba.”



Ya ce, “Tashi ka tahi. Yau ba ni iya kallon ka.”

Na tashi na tafi.

Laraba, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta watsa shi. Ba abin rubutawa.

Litinin, 23 ga Mayu, bayan magariba

Ruwan shuka ya sauka jiya, mai yawa. Da asuba na ɗaura sungumi a keke. Zulaihatu ta ɗauka Ketare za ni. Na ce tamu ta jira kwana biyu.

Na san gonar Ɗanhausa, tana bayan gidansu wajen tsamiya. Na tarar da Baraka ita da manyan 'ya'yanta mata biyu, tana saran rami da kanta, ba ta ci ko kwata ba. Na yi sallama, ba ta amsa ba. Ban jira ba, na kama daga inda ta tsaya. Na yi layi ɗaya, na yi biyu. A na uku na ji motsi a bayana, ashe ta ɗauki ƙwaryar iri tana bi tana zubawa tana rufewa da ƙafa.

Rabona da sungumi tun kafin in fara tuƙi. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi ƙurji ya fashe.

Da rana ta ɗaga sai ga shi ya fito a kan sandunansa, a hankali, yana hutawa kowane taku goma. 'Yarsa ta kai masa turmi ƙarƙashin tsamiya ya zauna. Bai gaishe ni ba. Na ci gaba da sara, ina jin idonsa a bayana.

Can wajen azahar ya ɗaga murya. “Maharazu!”

Na saki sungumin na nufo shi da sauri.

Ya ce, “Ina za ka? Layinka ya karkace. Tun daga wajen gidan tururuwar can kake cin na kusa da shi.”

Na tsaya. Na ce, “Ɗanhausa...”

Ya ce, “Ban ce na yahe ba. Na ce layinka ya karkace. Koma ka gyara, gobe da sauran ta wajen rahi.”

Na koma na gyara. Gobe zan fita da wuri.